Firez mai rigar cakulan: a kwana da shi a firiza ko kuwa?

Maman_Husna_Garwa
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah masu sana'ar kek da kayan zaƙi ku agaza min da shawara. An ba ni komand na walimar wata amarya ranar Asabar bayan la'asar: kek hawa biyu, da firez guda 80 da aka tsoma a cakulan, irin wanda yaran yanzu ke gani a Instagram su ce sai shi. Kek ba ya ba ni tsoro, shekarata shida ina yi. Firez ɗin ne ban taɓa yi wa mutane ba. Jiya na sayi kaɗan na gwada guda goma, na jera a faranti na tura firiza bayan isha'i. Da asuba na fito da su, kyau kam ba a magana, sai ƙyalli suke. Kafin in gama dafa wa yara shayi sun fara zufa. Bayan kamar awa ɗaya wani jan ruwa ya kwanta a farantin, cakulan ya tsattsage, cikin kuma ya yi lugub kamar tumatirin da ya kwana uku a kwando. Baban Husna ne ya cinye su da cokali. To laifin wa ke nan, firiza, cakulan, ko hannuna? Ranar Juma'a da safe kayan za su iso min daga Ngaundare, kuma so nake in gama komai a daren in kwanta da kwanciyar hankali.

Adda_Fanta
Wa alaikumus salam. Firiza ce ta cuce ki ƙanwata, hannunki lafiya lau. Firez ba ya kwana a firiza ya tashi da mutuncinsa. Minti goma ake ba shi cakulan ya kama jikinsa, a fitar.

Ummi_Yola
Ku yi haƙuri, mene ne firez kuma? Aure ne ya kawo ni Garwa, har yau Faransancinku bai gama zama min ba.

Adda_Fanta
Sitiroberi ne Ummi, wanda ake kawo muku daga Jos. Mu nan da sunan Faransawa muka tashi muka same shi.

Malam_Bello_Marwa
Hajiya Maman Husna, abin da kika gani ko a Faris kika yi haka zai fito. Kusan kashi 90 cikin 100 na firez ruwa ne, ruwan kuma a rarrabe yake cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna da ido ba ya gani. Firizar gida takan sauka har digiri 18 ƙasa da sifili. Ruwa kuwa in ya zama ƙanƙara kumbura yake, ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, shi ya sa kwalbar folere, wato zoɓo, in aka cika ta har wuya take fashewa. Ƙanƙarar nan tana da tsini, tana huda bangon ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Muddin yana daskare ba za ki ga komai ba, don ƙanƙarar ce ke tallafe da shi. Da ta narke sai ruwan ya rasa mariƙi ya tsiyaye. Jan ruwan farantinki ke nan. Tsagewar kuma, ɗan itacen na kumbura ta ciki, rigar cakulan na tsukewa ta waje saboda sanyi, dole ɗaya ya sallama.

Zufar da kika gani a waje ita daban ce, ba daga cikin firez ta fito ba. Danshin iska ne ya sauka a kan abu mai sanyi, kamar yadda kofin ruwan ƙanƙara ke jiƙa tabarma. Kin kuma ce kina dafa shayi a lokacin, wato kicin ɗin cike yake da tururi.

Maman_Husna_Garwa
Malam Allah ya ƙara basira, yau na koma aji. To firij fa? In na sa a can shi ma zai tsiyaye?

Malam_Bello_Marwa
Firij yana wajen digiri 4 ne, ruwa ba ya daskarewa a nan, saboda haka cikin ba zai fashe ba. Zufar waje ce kawai za ki yi fama da ita, ita ma ba kamar ta firiza ba.

Zee_Kusseri
Ni fa ban yarda a ɗora wa firiza laifi haka kawai ba. Shekara biyu ke nan ina sayar da shi a daskare, kuma ba a taɓa dawo min da ko ɗaya ba. Kuskuren Anti shi ne ta bar shi ya narke. Abin da ya daskare a daskare ake cin sa, wa ya taɓa ajiye ƙanƙarar folere awa ɗaya a faranti ya ce ta ci amanarsa? Ni raba shi biyu nake, in tsoma, in jera, in daskarar, in zuba a roba mai murfi. Mai saye ya zo in ba shi, minti biyar ya ɗan saki ya jefa baki. 'Yan makaranta har layi suke min. A zafin Kusseri in kin ce ba ki son firiza, to rufe sana'ar kawai.

Adda_Fanta
Zee, naki na a-saya-a-ci-a-tsaye ne. Wannan walima ce. Za a jera a tebur, a jira amarya ta gama kwalliya, a jira mai hoto, a jira dangin ango da aka ce sun taso tun azahar. Wa zai tsaya gadin minti biyar ɗinki?

Zee_Kusseri
Sai a bar shi a kula har lokacin rabo. Ai ba farilla ba ne a baje shi a tebur.

Amaryar_Bana
Hhhh Zee, ai don tebur ɗin aka yi komand. In ba a yi hoto da shi ba kamar ba a yi ba ne.

Shef_Abakar_Njamena
Salam. A kicin ɗin wani otal nake aiki nan Njamena, muna yin wannan abin duk lokacin da aka samu firez mai kyau. Hajiya, kowa na maganar sanyi, ni cakulan ɗin nake son in ji. Wane iri kika narka, kuma me kika zuba a ciki?

Maman_Husna_Garwa
Irin na sanda ne da ake sayarwa a butik, baƙi. Na narka a kan tukunyar ruwan zafi, na ga ya yi kauri sai na ƙara man gyada cokali biyu.

Shef_Abakar_Njamena
To ga rabin matsalar nan. Man gyada ba ya daskarewa a zafin ɗaki, in ya shiga cakulan sai ya sa shi laushi, ya zama ba shi da ƙarfin tsayuwa sai da taimakon sanyi. Da kin fitar sai ya fara sakin jiki.

Cakulan iri biyu ne a wajenmu. Akwai na asali mai man koko. Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa da zafin jikin mutum, dalilin da ya sa yake narkewa a kan harshe ke nan. Yanzu ki tuna Garwa a watan Maris, inuwa ma takan kai 40. Irin wannan in ana so ya daskare da kansa, ya yi sheƙi, ya yi ƙas in an gatsa, sai an hore shi. Baƙi ana narka shi zuwa digiri 45 ko 50, a sauke ana juyawa har ya sauko 27 ko 28, a sake ɗaga shi kaɗan zuwa 31 ko 32, sannan a tsoma. Mai madara da fari sun fi son ƙasa da haka, wajen 29 zuwa 30. Mu muna da ma'aunin zafi da ɗaki mai na'urar sanyi. A kicin ɗin gida da ya kai 38, yaya za ki sauko da shi 27? Sai dai ki ɗora kwanon a kan ruwan sanyi kina juyawa, kuma ɗigon ruwa ɗaya in ya faɗa ciki zai dunƙule miki kamar tuwon da ya kwana.

Na biyu shi ne wanda masu fatisri ke kira pat a gilase. An cire man koko an sa man tsirrai mai tauri, galibi na ƙwallon kwakwar manja. Ba ya buƙatar horo, narkawa kawai ki tsoma, kuma ya fi jure ɗumi. A baki bai kai na asali ba, yana ɗan barin maiƙo a ganɗa, amma firez 80 a Garwa cikin bazara, ni shi zan ɗauka ban ko waiwaya ba. Ki tambayi masu sayar da kayan kek.

Firiza kuwa, mu ma muna sakawa, amma minti biyar zuwa goma, da agogo a hannu.

Hajiya_Dija_Gidar
Shef ka faɗi gaskiya a kan ɗigon ruwa. Na taɓa asarar rabin kilo saboda na wanke firez ban bari ya bushe ba. Na farko ya shiga lafiya, na biyu lafiya, kafin na goma kwanon ya koma kamar ƙullin ƙuli-ƙuli. Yanzu in na wanke sai na shimfiɗa a tawul mai tsabta a gaban fanka, in bi kowanne da tishu, har ƙarƙashin ganyen nan na kansa, don a nan ruwa ke ɓuya. Kada kuma ki cire ganyen, shi ne mariƙinki, in kin cire kin buɗe wa ruwan ciki ƙofa.

Goggo_Asabe
Ni dai ina karantawa ina mamaki. A zamaninmu alkaki da nakiya da dubulan ake kai wa amarya, su yi wata uku a ɗaki ba abin da ya same su, ba firiza ba firij ba agogo a hannu. Yanzu an ɗauko abin da ba ya iya zama awa ɗaya a garinmu an ce sai shi. Maman Husna 'yata, ki ce wa uwar amarya abin nan ba na ƙasar zafi ba ne, ku huta.

Amaryar_Bana
Goggo ai alkakin ma ana yi, yana cikin gara. Wannan na ƙawaye ne.

Goggo_Asabe
Ƙawayen ba su da haƙoran cin alkaki ne?

Maman_Husna_Garwa
Goggo wallahi na faɗa musu tun farko, na ce in yi musu ƙananan kek a madadin. Amarya ta ce ita tun tana sakandare take mafarkin wannan. Na riga na karɓi rabin kuɗi kuma.

Mahamat_Faya
Goggo tana da hujja ta wani ɓangaren. Ga dabino nan namu na Faya, ki cire ƙwallon, ki cusa soyayyar gyada ko ridi, ki tsoma a cakulan. Ba ruwa a cikinsa balle ya tsiyaye, sai ya yi sati a firij yana nan yadda yake. Matata tana yi da sallah, baƙi ba sa barin ko ɗaya. Ki yi 40 firez 40 dabino, in ɗaya ya ba ki kunya ɗaya ya rufa miki asiri.

Zee_Kusseri
Ayaba ma. Ita kam firiza gidanta ce, in ta daskare kamar kirim take komawa.

Ummi_Yola
Ni abin da ke ɗaure min kai, ƙasar nan ta Kamaru tana cikin manyan masu noman koko a duniya, ga kamfanin Chococam a Duwala na yin cakulan Mambo da Tartina, amma cakulan ɗin aikin kek sai ka ji an ce daga waje aka kawo. Af, Tartina ba za ta yi ba? Tana da yawa a gidana.

Shef_Abakar_Njamena
A'a Hajiya Ummi, ta shafa wa burodi ce, da gangan aka yi ta don kada ta daskare. Ki bar wa yara abinsu.

Baban_Walid
Duk kuna ta lissafin digiri 18 da digiri 4 kamar wutar tana nan awa 24. A unguwarmu in aka ɗauke da la'asar wani lokaci sai tsakar dare. Firizata rabin rayuwarta firij ce, sauran rabin kuma akwati. Maman Husna, kin tabbata daren da kika gwada ba a ɗauke ba?

Maman_Husna_Garwa
An ɗauke kam, wajen ƙarfe ɗaya, ban san lokacin da aka dawo da ita ba.

Malam_Bello_Marwa
To wannan ya ƙara dagula lissafi. Daskarewa sau ɗaya ɓarna ce, amma ya daskare, ya ɗan saki, ya sake daskarewa, nan ƙanƙarar ke haɗuwa ta yi manyan tsini. Ko nama aka yi wa haka za ki ga jini ya cika leda. Zee, ke yaya kike yi da naki in an ɗauke?

Zee_Kusseri
Ina da sola Malam. Kafin in saka kam na sha asara, ba zan ɓoye ba.

Adda_Fanta
Yauwa, ashe da sauran magana.

Baban_Walid
Amma akwai dabara a nan. Babbar firizar nan ta kwance, in ta yi sanyi sosai aka kashe ta, aka jera robobin ƙanƙara a ƙasa, aka ɗora faranti a kwandon sama, ai ta zama firij mai kyau, kuma ta fi firij riƙe sanyi tunda ta sama ake buɗe ta, sanyin ba ya zubowa. Haka muke ajiye kosam, wato nono, in za a yi taro.

Hajiya_Dija_Gidar
In dai ba firizar da ake ajiye kifi ba ce. Cakulan ɗan tsegumi ne, duk warin da ya ji sai ya kwasa. Ƙanwata ta taɓa ajiye nata dare ɗaya kusa da kifin Binuwai da daddawa, da safe ko yaran gidan sun ƙi ci. Ki duba abin da ke ciki tukuna, ko albasa yankakkiya kada ki bari.

Maman_Husna_Garwa
Innalillahi, tawa kam akwai karfasa a ciki. To in rufe su a roba ke nan?

Adda_Fanta
Nan ma da hankali. In kin rufe ruf, firez yana numfashi, danshinsa zai taru a murfi ya ɗigo musu a kai. Ni tishu nake shimfiɗawa a ƙasan roba, in ɗora takardar gashin kek, in jera su layi ɗaya ba mai hawa kan wani, in ɗora murfin ban danna ba.

Shef_Abakar_Njamena
Adda, a nan kam mun ɗan saɓa. Ni rufewa nake sosai, da tishu a ƙasa da wani a manne cikin murfi. Amfanin shi ne lokacin fitarwa: ka fito da robar a rufe, ka bar ta minti 20 ko 30 kafin ka buɗe, sai raɓar ta sauka a bayan roba maimakon a kan cakulan. Zufar nan ba kyan gani kawai take ɓatawa ba. Tana narkar da sukarin da ke fuskar cakulan, in ta bushe sai ta bar fari-fari mai gurzar harshe, mutane su ɗauka fumfuna ce. Ba ya cutarwa, amma je ka yi wa dangin ango wannan bayanin.

Adda_Fanta
Na awa biyu ko uku na yarda da kai Shef. Na kwana kam na gwada rufewa, na tarar da tafki.

Nana_Mokolo
Ni a watan Disamba na yi na sunan ɗiyar yayata, daga firij kai tsaye zuwa tebur, ko ɗigon zufa ban gani ba. Sai da na karanta ku na san wai ana wannan fama.

Malam_Bello_Marwa
Hunturu ne ya taimake ki Nana, ga ku kuma a kan duwatsu. Iskar Disamba a bushe take ƙarau, ba ta da danshin da za ta sauke. Ki sake gwadawa a watan Agusta ki ba mu labari. Ita ma Maman Husna tana da ɗan sa'a, damina ba ta faɗi ba tukuna, zafi ne babban abokin gabarta yanzu. Ta dai nisanta su da kicin in ana girki.

Mahamat_Faya
Tunda ana maganar rashin wuta, tukunya cikin tukunya fa? Wadda ake zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Wani malamin makaranta ne daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa ta har ya samu kyautar Rolex a 2000. Mu a nan tumatir da ganye suna daɗewa a ciki.

Malam_Bello_Marwa
Tana aiki sosai a busasshiyar iska, don ruwan da ke tashi daga yashin shi ke janye zafi, irin na randa. In wuta ta ƙi ranar Juma'a, za ta iya riƙe mata ɗanyen firez na wasu awanni, ya fi a bar shi a fili. Wanda aka riga aka tsoma kam a'a, cikinta danshi ne zalla.

Bari in ɗan ba ku dariya tunda an ambaci suna. Firez ɗin nan manya da muke ci, asalinsu aure ne tsakanin wani iri na Arewacin Amurka da wani na ƙasar Cile, a Faransa aka haɗa su wajen shekarun 1750. Wanda ya ɗauko na Cile a jirgin ruwa a 1714 wani injiniyan sojan Faransa ne, sunansa Frézier. Ku faɗi sunan da bakin Hausa ku ji.

Amaryar_Bana
Firiziya! Hhhh Malam ashe Zee ce da gaskiya, firiza ce ta kawo shi tun farko.

Zee_Kusseri
Na gode Malam, shari'a ta ƙare.

Adda_Fanta
Ku bar wasa ku bar baiwar Allah ta samu mafita, Asabar na matsowa. Maman Husna, ni ga yadda zan yi in ni ce. Kek ki gama shi Juma'a, shi ba ruwansa da kwana. Firez in ya iso kada ki wanke, ki zazzage ki tsince duk wanda ya ƙuje ko ya fara fumfuna, don ɗaya na lalata goma, ki sa sauran a firij haka nan. Asabar da kin sallame asuba ki wanke, ki busar kamar yadda Dija ta ce, hakan ma zai sa sanyin firij ya sake shi, don in kin tsoma shi da sanyinsa cakulan zai kama da kauri ya tsage daga baya. Ki tsoma kafin rana ta ɗaga. Guda 80 in kina da mai taya ki ba zai wuce awa ɗaya da rabi ba.

Maman_Husna_Garwa
Adda ranar Asabar ɗin fa ina da abincin gida, ga kwalliyar kek da ban son yi tun Juma'a saboda kirim. Shi ya sa nake ta neman hanyar kwana.

Hajiya_Dija_Gidar
In dole sai an kwana, firij, ba firiza ba, kuma ki sa a ranki wasu za su yi kuka ta ƙasa. Ki yi 90 ki zaɓi 80. Amma ni ban ba ki shawara ba, musamman kayan da suka sha hanya. Ngaundare zuwa Garwa kusan kilomita 280 ne, ga gangaren dutsen nan, ga zafi da zarar an sauko. Wataƙila ma daga kudu suka taso, sun kwana a jirgin ƙasa daga Yawunde kafin su hau mota. Ni an taɓa ɗora min kwali a saman mota cikin rana, da na buɗe rabi ya zama jus. Ki roƙi mai aikowa ya sa a kula, a ajiye a cikin mota. Ki ce kuma ya zaɓo jajaye, firez ba mangwaro ba ne, in an tsinke shi ba ya ƙara zaƙi.

Baban_Walid
Zuwa wajen walimar ma aiki ne. Kada ki ba ɗan moto. Kula, robobin ƙanƙara a ƙasa, tawul a kai, sannan robar firez, kada ta taɓa ƙanƙarar.

Goggo_Asabe
Duk wannan hidima ko jaririn bakwaini albarka.

Maman_Husna_Garwa
Salam, na dawo da rahoto. Na samu pat a gilase a wajen wata mai kayan kek, na sake sayen firez 12 jiya Laraba na raba uku. Huɗu na ba su minti goma a firiza na mayar firij, na fitar bayan awa biyar a roba rufe kamar yadda Shef ya ce: lafiya lau, ɗan danshi kaɗan a gindi, sun yi kusan minti 40 a falo da fanka kafin su fara laushi. Huɗu na bar su suka kwana a firij: biyu lafiya, biyu sun yi ɗan jan ruwa a ƙasa kuma rigar ta saki jikin firez, in ka gatsa sai ta zame gaba ɗaya. Huɗun ƙarshe na yi irin na Zee, rabi-rabi a daskare. Gaskiya Zee, da daɗi, Husna ta ce ya fi sauran, amma na manta ɗaya a faranti minti 20 ya koma irin na ranar farko.

Zee_Kusseri
Kun ji dai, yarinya ba ta ƙarya. Anti ki yi 80 ɗinki yadda suka ce, amma ki daskarar da wasu ki kai a kula ki raba wa ƙawaye hannu da hannu, ki ga wanda za a yi ta tambaya.

Adda_Fanta
Minti 40 ɗin nan shi ne abin dubawa. Ki gaya wa uwar amarya tun yau, ba za a jera ba sai amarya ta zauna. In sun ce tun azahar suke so a tebur, ki ce ba da hannunki ba.

Nana_Mokolo
Ni har yanzu ina ganin minti goman firizar ma ba dole ba ne. Firij kaɗai minti 20 ya isa ya kama, me ya kai ki kusa da karfasa?

Shef_Abakar_Njamena
In faranti ɗaya ne haka ne. Faranti huɗu masu ɗumi in suka shiga ƙaramin firij lokaci guda, ana buɗewa ana rufewa, sai ya yi awa bai kama ba, cakulan ya zauna ya yi faffaɗan gindi. Shi ya sa nake bi da su ta firiza ɗaya bayan ɗaya.

Maman_Husna_Garwa
Karfasar kam na kai gidan maƙwabciya, na wanke firizar tas. Zan tashi asubar Asabar in sha Allah, ƙanwar Baban Husna za ta zo taya ni. Zee zan ajiye biyar a daskare saboda ke.

Adda_Fanta
Biyar ɗin ba za su ga Lahadi ba in dai mai cokalin nan yana gida.

Maman_Husna_Garwa
Sabuwa kuma. Yanzu amarya ta kira, wai rabi take so da farin cakulan, a yi musu zane da ruwan hoda kalar ankon ƙawaye. Kalar da nake da ita ta ruwa ce, irin ta kirim. Shef, kana kusa?